Gilashin Walda

Asabar, 4 ga Mayu

Yau ma na ce musu darasin ƙari zan je makaranta. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, darasi ne, sai dai ni ce ɗalibar. Oga, mai shagon waldar, ya ba ni ƙafafun benci in haɗa. Waldar farko ta fito kamar kashin kaji, ya sa guduma ya ɓalle ta, ya ce, "Malama, sake." Na sake. Tun bara nake zuwa shagon nan na bayan kasuwa duk Asabar. Ba wanda ya sani a gidanmu, ba kuma wanda zai sani sai ranar da suka ga nawa shagon a buɗe. Ba don abinci kaɗai aka yi ciki ba.

Litinin, 6 ga Mayu

Mai makaranta ta kira ni ofis. Shugabarmu za ta yi ritaya, ni take so in hau kujerar, ta ce in kawo mata amsa kafin ƙarshen wata. Ni kuwa a ƙarshen watan nan na yi niyyar ajiye aikin baki ɗaya.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Yaya, babban wanmu, yana zaune a tsakar gida, baki har kunne. "Injiniya ta zama shugaba! Kin ga amfanin jin maganar manya?" Injiniya. Tun ina yarinya, ranar da na ce makarantar koyon sana'a nake so, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya laƙa mini sunan, kuma shi ya kai ni kwalejin malamai da hannunsa. Ga furfura a kaina, har yau bai gaji da wannan dariyar ba. Na tsani sunan, kuma ranar da yake faɗinsa shi ma ba na ƙaunar ganinsa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Wani yana taɓa mini kaya. Ɗankwalayena ba yadda na ninke su na same su ba. Na san aikin wace ce: Anti Ba-a-yi. Yayata ce, ɗakinta na kallon nawa tun da na dawo gida bayan rasuwar maigidana. Ni na sa mata sunan a zuciyata, don duk abin da ka kawo amsarta ɗaya ce. Mace ta tuƙa mota da nisa? Ba a yi. Fenti shuɗi a ɗaki? Ba a yi. Ta yi ta bincike, in ta ga abin da take nema ta dafa ta ci.

Laraba, 15 ga Mayu

Yaya har ya fara gaya wa abokansa. Da kujerar wani yake tinƙaho.

Asabar, 18 ga Mayu

Yau na ga ta kaina. Na gama wani layi mai kyau, na cire gilashin walda na ajiye a kan tebur ina kankare ƙarfen, sai na ji muryar da ko a kabari zan gane. Yaya ne, ya kawo ƙarfen bayan motarsa da ya tsage. Duk shagunan garin nan bai ga na zuwa ba sai wannan!

Gilashin yana can gefensa, in na miƙa hannu ya gan ni. Sai na juya masa baya, na fuskanci lungun da abokin aikina yake walda, na tsaya ƙyam kamar mai koyo. Abu na farko da Oga ya koya mini shi ne kada in kalli wutar nan da ido tsirara. Na kalle ta. Rufe ido ma bai zo mini ba, hankalina duk yana kan muryar da ke bayana. Yaya kuwa ya miƙe ƙafa yana koya wa Oga aikinsa, kamar yadda yake koya wa kowa.

Bai gan ni ba. Da ya tafi Oga ya dube ni ya girgiza kai. "Malama, gobe za ki yi bayani."

Lahadi, 19 ga Mayu

Yashi a ido. Ba na iya

Laraba, 22 ga Mayu

Sai yau na iya kallon takarda. Gudun gara na faɗa gidan zago. Idanun suka kumbura, suka yi jajir, hawaye ba tsayawa, ko hasken taga ya taɓa ni sai in ji kamar an watsa barkono. Yaya ya leƙo ya yanke hukunci daga bakin ƙofa: karatun dare ne, in na zama shugaba zan huta. Allah ya ba shi lafiya, likitan gida.

Anti Ba-a-yi ce ta saki labule, ta kawo maganin ɗigawa, ta riƙa sa mini tsumma mai sanyi. Na ƙudura a raina ko za ta kwana tana tambaya ba za ta ji komai ba. Ba ta tambaya ba. Jiya tana ɗiga mini magani, ta riƙe haɓata da ƙarfi kamar ta yarinya, ta ce, "Auta, nan gaba ko wa ya shigo ki bar gilashin a fuskarki. Ba a sayar da ido a kasuwa."

Na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Da za ta fita ta ajiye wani abu a kan ƙafata. "Kuma ba a yin aikin wuta da ɗankwalin roba. Na gaji da ɗinke miki huji." Ɗankwalin auduga ne, mai kauri, mummuna.

Yau na zazzage ɗankwalayen Asabar na duba. Duk inda tartsatsi ya huda an ɗinke shi da zare kalar yadin, ƙanana ƙanana, har da na bara. Ni ban ma san da hujin ba.

Haushi nake ji. Wa ya sa ta?

Alhamis, 30 ga Mayu

Na gaya wa mai makaranta ba na son kujerar, kuma zangon nan ne na ƙarshe. Ta yi ta kallona kamar na zare. A gida Yaya ya yi faɗa har muryarsa ta dushe: na watsa masa ƙasa a ido, me zan ci, me nake ɓoyewa? Na ce ba komai. Ya juya kan Anti. "Ke ba ki da bakin magana ne yau?" Ta ce ita wanki take yi. Ta ci gaba da wankinta.

Asabar, 1 ga Yuni

Na ɗaura mummunan ɗankwalin na je aiki. Ba ya zamewa, gaskiya ɗaya ce.

Ƙofar ɗakin Anti ta daɗe tana jan ƙasa, ƙarfen da ke riƙe ta ya cinye. Da yamma na auna shi. Ba don komai ba, ƙarar ce ke damuna.

Ban gaya mata komai game da shagon da zan kama ba, kuma ba ni da niyya. Tana riƙe mini tef ɗin awo ne ta tambaya ko wurin yana da inuwa, na ce akwai bishiya a gabansa. Sai da na dawo ɗaki na lura na amsa.