Na Tayar da Babur ɗin Sani

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Malam? Mu nan unguwar Kudai a ƙasa mai tsarki mun gode Allah.

Kin tuna babur mai ƙafa huɗun da ƙaninmu Sani ke ba mahajjata haya a Arfa? Ya kwance kafiretar injin don babur ɗin ya riƙa ja da ƙarfi cikin yashi ko ana tafiya a hankali, sai ajali ya riga shi. Jiya na ƙarasa gyaran, na tayar da shi a ƙofar gida. Da jin ƙarar da ta saba ji in Sani ya dawo, sai ga Inna ta fito da kofin ruwa tana cewa, "Sannu da zuwa." Da ta ga ni ne, ta miƙo min, ta koma ciki. Na kasa sha.

Ki gaida Malam. Ki sa Inna a addu'a.

Ƙaninki,
Bala