Tagar Kicin ɗin Mama

Yaya Loretta,

Gaisuwa daga Saskatchewan. Yaya gwiwar maigidanki Cyril, yaya jikoki? Har yanzu hazo yana rufe bakin teku da safe?

Ni lafiya lau. Kwalejinmu za ta rufe sashen wasan kwaikwayo bana, wai ba ya koya wa yara sana'a. Kada ki damu da aikina, tallan neman ma'aikata ma abin karantawa ne.

A wasanmu na ƙarshe, kicin ɗin Mama na gina a dandali, har da tagar nan mai kallon ruwa. Nan babu teku, amma da an kunna shuɗiyar fitila a bayanta sai in ji ƙanshin gishiri.

Al'adarmu, ana gama wasa kowa zai ɗauki guduma a rushe komai. Ranar Lahadi ɗalibata Marisol ta tsaya gaban tagar.

"Malam, in buga, ko sai ka gama kukan?"

Na ce, "Ƙura ce, sarkin surutu. Buga can gefe."

Tagar tana ɗakina yanzu, jingine da bango. Idan waɗanda suka sayi gidan Mama sun yarda, ki ɗauko min hoton ta ainihin. Ina so in ga ko na tuna daidai.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Alphonsus