Layin Fensir a Jikin Ƙofa

Zuwa ga angona Guntu,

Kafin gaisuwa, karɓi wannan ka riƙe. Wani abu ne mai ƙafa huɗu, sabo fil, an yi shi domin mutum ɗaya tak. Mutumin yana nan da ransa da lafiyarsa, amma har abada ba zai iya amfani da shi ba. Mene ne? Kai da kake zaune a kantin magani kana karanta rubutun likitoci, ai wannan ba zai gagare ka ba.

To, yanzu assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya mai ɗakinka, yaya 'yarka Aku sarkin surutu? Ni dai ina nan, gwiwa ce kawai take yi mini rashin kunya.

Ubanka ya dawo. Na san yanzu ka yatsine fuska kamar wanda ya tauna maganin kantinku, amma ka karanta har ƙarshe, don na sha wuya kafin in jera baƙaƙen nan. Ba da ƙafarsa ya dawo ba. Wani direba ne ya kawo mini labari cewa yana kwance a asibiti, giya ta cinye masa hanta. Da na je sai da na wuce gadonsa na komo, ban gane ɗan da na haifa ba. Ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, hannu kamar tsinke. Likita ya ja ni gefe ya ce in kira 'yan uwa. Na ce masa ga 'yan uwan nan a gabanka, tsohuwa da sandarta. Ban kira ka ba saboda na san amsarka, kuma ban so ka faɗe ta a kan mai barin duniya, ta zauna maka a wuya.

Sai kuma bai mutu ba. Ina jin mutuwa ta leƙo ta ga ba sauran abin ɗauka, ta wuce gado na gaba. Yanzu yana ɗakin baya, inda yake aikin kafinta a da. Tun da ya tashi bai sake kai kwalba baki ba. Maƙwabcinmu mai walda ya ara masa zarto da guduma, kullum yana can yana ƙwanƙwasa, ya hana ni barcin rana.

Bai ce in kira ka ba, ba shi da bakin cewa haka. Ni ce nake cewa ka zo ya gan ka. Likita ya ce an sallame shi ne, ba a ce ya warke ba.

Amaryarka mai haƙori uku,
Kaka

*

Zuwa ga Kaka,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, na kuma karanta har ƙarshe kamar yadda kika umarta. Na aiko miki da man shafawa na gwiwa. Ki riƙa shafawa, kada ki ajiye shi a kan taga kina nuna wa baƙi kamar na wancan karon.

Allah ya ƙara masa sauƙi. Wannan addu'ar zan iya yi wa kowane majinyaci, ita kuma na yi masa.

Kaka, kin fi ni sanin abin da ya faru, tunda a gidanki aka yi. Ana saura kwanaki in shiga makaranta ya tsayar da ni a bakin ƙofar ɗakin baya, ya ɗora hannu a kaina, ya ja layi da fensir, ya ce zai yi mini kujerar karatu daidai ni. Na gaya wa duk yaran layinmu. Kafin in koyi rubuta sunana ya sayar da kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya bi abokan shansa, ya tafi. A kan gwangwanin fenti na yi karatuna. Mahaifiyata ta ƙare idonta a kan keken ɗinki tana jiran motsin ƙofa. Ranar da muka kai ta makwancinta na riƙa duban hanya, bai zo ba.

Ban riƙe shi da fushi ba, don fushin ma ya daɗe da gajiya ya kwanta. Ba ni da abin da zan ce masa ne kawai. Ina roƙonki kada ki gaya masa ina da 'ya. Ba na son a ja mata layi a jikin ƙofa.

Game da kacici-kacicinki kuwa, na ba ki gari.

Jikanki mai biyayya

*

Angona,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Man ya iso, yana kan taga, baƙi sun yaba ƙamshinsa.

Garin da ka ba ni ka riƙe abinka, ina zan kai gari da wannan gwiwar? Kai nake so.

Ban gaya masa zancen Aku ba. Na rufe bakina, ka kuma san wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Duk abin da ka rubuta gaskiya ne, ba ni da abin gogewa ko ɗaya. Uwarka ta fi ƙarfin abin da ya yi mata. Da ya farfaɗo, ita ya fara tambaya. Na gaya masa. Ya juya fuska bango, yini guda bai ce a ba shi ruwa ba.

Bari in ba ka labarin yadda yake aiki, ko ka yi dariya. Hannunsa rawa yake yi, idan ya ɗauki kofin shayi rabi na ƙasa ne. Ƙusa ɗaya sai ya buge yatsa kafin ya same ta. Jiya na ji shiru, na leƙa, na tarar da shi zaune a cikin garin katako yana haki, zarto a cinya. Na ce, "Kafinta, ko in kira mai walda ya yanka maka?" Ya ce, "Inna, abin da na yi alkawari da bakina ba a yanka shi da hannun wani." Na ce to, Allah ya kai mu baɗi.

Abin da ya hana ni dariyar shi ne wannan. Kowace safiya sai ya ɗauki tef ya durƙusa a bakin ƙofar nan ya auna layin fensir ɗinka. Yana nan, ya dushe amma bai goge ba. Shi kaɗai ne, tunda ka ƙi sake tsayawa a wurin ko da na yi maka alkawarin alewa. Na ce masa, "Kai, yaron nan fa yanzu sai ya sunkuya yake shiga ɗakin nan. Sunan Guntu ne kawai ya rage." Ya ce ya sani. Na ce to me kake aunawa? Ya ce, "Kafinta ba ya yanka da jita-jita. Wannan na auna da hannuna, shi nake da shi." Ka ji taurin kai. Ban san inda kuka samo shi ba, ni dai ba ni ba ce.

Ya kusa gamawa, ni kuma abin da nake tsoro ke nan. Aikin nan ne yake tashinsa daga gado. Ban san me zai tashe shi ba ranar da ya buga ƙusar ƙarshe, ya duba bai ga kowa ba.

Na gaya masa ina rubuta maka, ya karɓi biro. Ga abin da ya iya, kada ka raina rubutun:

Ina gaishe ka. Kafinta.

Na ce ya rubuta Baba. Ya ce ba shi zai ba kansa wannan sunan ba.

Kakarka

*

Kaka,

Bayan gaisuwa, zan zo ƙarshen mako in duba gwiwarki, tunda na tabbata ba kya shafa man. Zuwan naki ne. Mai ɗakina tana da aiki, don haka dole in taho da Aku. Yini ɗaya zan yi. Kada ki shirya mini wata magana, na san halinki.

Jikanki

*

Angona Guntu,

Ina fatan kun isa lafiya. Gidan ya yi shiru tun da Aku ta tafi da bakinta.

Ba zan yi maka faɗa ba. Ka zo, ka tsaya a bakin ƙofarsa, ka ce masa "sannu da jiki," ya ce maka "sannu da hanya." Shekarun nan duka, abin da kuka samu ke nan, kamar mutum biyu a layin asibiti. Na so fiye da haka, amma ban raina ba.

Ka ga lokacin da Aku ta kutsa ta ƙarƙashin hannunka ta haye abin da ya ƙera, ƙafafunta suka sauka ƙasa daidai, ta ce, "Tsoho, wannan tawa ce?" Ka ga ya dube ka kafin ya amsa, kai kuma ka dubi rufin ɗaki. Da ka ce mata ta sauko ku tafi, ba ka ce a'a ba, ba ka kuma ɗauka ba. Kujerar tana nan, ya rufe ta da zane.

Ga abin da ba ka gani ba. Lokacin da na ce ka jingina da ƙofa in cire maka zare a wuyan riga, babu wani zare. Fensirinsa ne a hannuna. Sai da na yi ɗage har gwiwa ta yi ƙara, amma na ja layin. Ka ce kada in shirya magana, ba ka ce kada in yi zane ba. Aku kuwa ban taɓa ta ba, na riƙe maka wannan.

Bayan tafiyarku ya fito ya ga layi biyu. Ya sa tafin hannu a kan katakon da ke tsakaninsu, inda babu komai, ya riƙa shafawa daga ƙasa zuwa sama. Bai yi kuka ba, ni ma na shiga ɗaki don kada in fara. Yau da safe na ji zarto. Ya auna na saman, ya fara wata babba. Da wannan hannun nasa za ta ɗauki lokaci, ban kuma san ko yana da shi ba. Kai ne mai karanta rubutun likitoci.

Amsar kacici-kacicina kuwa, kujerarka ce ta karatu. An gama ta ranar da kuka zo, daidai tsawon yaron da zai shiga makaranta.

Kakarka