Hannun da Direbanku Ya Kaɗa wa Lawali

Zuwa ga Alhaji, shugaban direbobin tifa masu ɗibar yashi a hanyar Gusau zuwa Bungudu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya tare da iyali da jama'arka.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, amma ka san ƙanena Lawali, tunda ka aiko mutum uku sun duba shi a asibiti. Mun gode. Sun ce tsautsayi ne, muka ce haka ne, domin ba a musu a gaban majinyaci. Sai dai kwana tara ke nan na kasa zama wuri ɗaya, ina kai-komo tsakanin gadonsa da inda abin ya faru.

Ranar Litinin ta makon jiya da hantsi, Lawali ya taso daga Gusau a babur da buhun taki, zai kai gonarsa a Bungudu. Ya tarar da tifa tana tafiya a hankali, ya yi hon. Direba ya fito da hannu ta taga ya kaɗa. Lawali ya ɗauka an ce masa ya wuce, ya ja mai. Ashe direban nufinsa zai karya hagu ya gangara gulbi. Tayar gaba ta bi ta kan ƙafarsa ta dama, ƙasa da gwiwa.

Abu uku nake so ka sani. Na farko: na zauna da direban. Dattijo ne, har hawaye ya yi, bai kuma ɓoye min komai ba. Siginarsa ta hagu ta mutu tun kafin azumi. Ya faɗa wa mai motar, aka ce ya lallaɓa. Alhaji, na yarda da ƙaddara, amma ƙwan fitilar da aka san ya mutu wata da watanni aka ƙi sauyawa, sunansa sakaci.

Na biyu: hannun nan. Na tambayi 'yan acaɓa a Gusau ma'anarsa, suka ce wuce. Na tambayi direbobinku a bakin gulbi, wasu suka ce dakata, wasu suka ce ya danganta da yadda aka juya tafin. A Tsafe wani mai babur sai ya ɗage wando ya nuna min ɗinki daga ƙwauri har cinya. Wa zai tsaya karanta tafin hannu yana gudu a gefen motar da ta cika da yashi?

Na uku, don kada a ce na yi son kai: Lawali ba ya sanye da hular kwano, buhun kuma ya yi wa babur nauyi. Na faɗa masa haka. Amma hular kwano ba ta kare ƙafa, kuma idan aka yi rashin fahimta tsakanin tifa da babur, naku fenti ne yake ɗayewa.

Jibi Alhamis likita zai buɗe ciwon. Idan jini na isa yatsu, za a sa ƙarfe. Idan ba ya isa, za a yanke. Da ƙafar nan yake tada babur, da ita yake taka burki, da ita yake bin kunya a gona. Innarmu ba ta san da wannan magana ba, kullum cewa take a kira mai ɗori. Lawali kuwa tambayarsa ɗaya, ko an zuba wa dawar taki.

Ba ramuwa nake nema ba. Roƙona uku ne. Kada tifa ta bar tasha sai an ga siginarta biyu suna kamawa. A tara direbobinku da shugabannin masu babura a tsayar da magana ɗaya: hannu ta taga yana nufin dakata, kullum, a ko'ina. A kuma kafa alama a kowace magangara ta zuwa gulbi.

Abin da ya sa na rubuto a fili shi ne, jiya da la'asar na tsaya a mararrabar da abin ya faru. Tifar ta dawo aiki da wani direban. Ta rage gudu, fitilar ba ta kama ba, hannu ya fito ta taga. A bayanta akwai babur, da mace da goyo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare direbobinka, ya ba ka ikon gyarawa. Mu kuma a sa mu a addu'a ranar Alhamis.

Wassalam.

Naka,
Bello, yayan Lawali, Gusau.