Gaisuwar Baba Iliyasu a Shafin Farko

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Taron wata-wata na masu gina shafukan intanet da manhajar WordPress na Ikara, Makarfi da Kudan. Sunan ya fi taron girma. Mu ne dai a ajin da ake ara mana a Makarfi, kowa na harin soket ɗin da ke aiki. Ukasha, wanda ya zama shugabanmu saboda shi ne mai janareta, ya haska a bango shafin da muka gina wa manoman rake kyauta.

Sai a bangon na ga abin da ban lura da shi a waya ba. Manhajar tana tsakuro farkon kowane rubutu ta sa a shafin farko. Mai yi mana rubutu duk mako kuwa mutum ɗaya ne, Baba Iliyasu na Gubuchi, tsohon malamin gona, shi kuma ba ya shiga magana sai ya gaisa. Daga sama har ƙasa: sallama, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa. Ba rake ko sanda ɗaya. Wai wani dillali ya kira daga Kano yana tambaya ko shafin barka da sallah ne.

An ce in gyara. Dama ni ake kira Injiniya.

Talata, 8 ga Oktoba

Na bi rubuce-rubucensa na cire gaisuwar duka, tun daga na farko. Ban karanta ba. Wa ke karanta gaisuwa? Abin da ke ƙarƙashinta kuwa, a kan tsutsar rake da ban ruwa, babu kamarsa. Shafi ya yi tsaf. A Zariya an koya mana cewa mai karatu ba ya jira.

Asabar, 12 ga Oktoba

Baba bai sa komai ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Har yanzu shiru, ga saran rake ya ƙarato, lokacin da dillalai za su fara leƙowa. Na kira shi. Ya tambayi Umma, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Ikara kamar duk a ɗakina suke kwana. Da na samu kafa na ce, "Baba, ba mu ga rubutu ba."

"To, Injiniya, ai an ce na cika surutu."

"Wa ya ce?"

"Na'ura."

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa ma da na san inda zan kama. Ukasha ya ce, "Anti, in Baba ya tafi sai dai mu riƙa sa hoton janareta." Ba ƙarya ya yi ba. Sauranmu mun iya gini, ba mu da abin faɗa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na je Paki duba Inna Kulu, ƙanwar Umma, da ƙafarta da ta ƙi warkewa tun da ta faɗi a damina. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce, "Mukarrama, ke da kike cikin wayar nan, me na yi wa Iliyasu?"

Ashe duk mako yana gaishe ta da jiki a rubutunsa, da sunanta, 'yarta Sadiya na karanta mata. Sadiya ta je nuna wa maƙwabciya, suka nemi sunan suka rasa, har a tsofaffin.

"Mutum ya daina gaishe ka, wannan an saba gani," in ji Inna. "Amma ya koma ya kwashe ta baya?"

Na ce matsalar na'ura ce. Baiwar Allah na'ura, wannan watan ta sha ɗaukar laifi.

"To ki gaya wa na'urar ƙafar ba ta warke ba."

Laraba, 23 ga Oktoba

Sa'ata ɗaya, manhajar tana ajiye tsohon kwafin kowane rubutu. Na mayar da komai. Wannan karon na karanta, don son sani kawai.

Gaisuwar ba iri ɗaya ba ce. Akwai tsari: manya, marasa lafiya, masu sabon jariri. Wani ya dawo daga Hajji, ya hau sama. Wani suna ya ɓace a watan Yuli, ya koma "iyalan marigayi". Bayan shanu sun shiga gonar wani a Saulawa, sai ga Arɗo da mai gonar a layi ɗaya, mako bayan mako, har dai ina jin suka gaji suka shirya. Jarida ce mutumin nan yake bugawa, ni na ɗauka gyaran murya yake yi.

Amma shi ma dillalin Kano yana da gaskiya, ban janye wannan ba. Na rubuta wa manhajar ɗan ƙari: maɓalli ɗaya, marubuci ya danna a inda gaisuwarsa ta ƙare. Shafin farko ya tsakuro daga nan, wanda ya shiga ciki ya tarar da komai. Na sa shi a dandalin masu gina shafuka na duniya, kyauta kamar yadda ake yi. Bayyana amfaninsa da Turanci ya fi rubuta shi wuya.

Asabar, 26 ga Oktoba

Wata mata daga Indonesiya ta amsa. Wai shafin masallacin unguwarsu haka yake fama. Ta gyara mini wani kuskure a ɗan ƙarin da na rubuta, kuma sai da ta gaishe ni kafin ta nuna shi. Wani kuma ya tambaya me ya hana mu koya wa marubutanmu taƙaitawa kawai. Tambaya ce mai hankali. Na san wata mai irin hankalin.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Baba ya zo taro a bayan mashin, da ɗaurin rake. Ya gaisa da kowa, har da Ukasha da ke ƙarƙashin tebur yana haɗa waya. Na nuna masa maɓallin. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Wa zai ce nan gaisuwa ta ƙare?"

"Kai, Baba."

"Ba na'ura ba?"

"Kai."

"To, mun gode da ɗawainiya." Wannan na iya zama i, na iya zama a'a. Ya dai bar mana raken.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ya rubuta. A shafin farko: raken Gubuchi ya nuna, masu so su zo. A ciki: Kulu ta Paki da ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Can ƙasa, bayan Arɗo, "Injiniya Mukarrama da na'urarta."

Ukasha ya ce in sa sanarwar sabon maɓallin a shafi. Dole in gwada shi, maɓallin kuwa ba ya gwaduwa sai da gaisuwa, don haka na ɗan rubuta wata a sama. Baba, Inna, Ukasha da janareta, matar Indonesiya da mutanen masallacinsu. Ta fi yadda na yi niyya tsawo. Gwaji ne kawai, kuma ya yi aiki.

Na so in goge, sai Sadiya ta kira ta ce an riga an karanta wa Inna. To, ba a kwashe ta baya.