Ku Mayar wa Maigidana Littafin Jiragensa

Zuwa ga Babban Likitan sashen masu taɓin hankali,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni matar wani majinyacinku ce, shi kafinta ne a Rafin Guza. Sau uku ina zuwa ofishinka masinja yana cewa kana mitin, shi ya sa na kawo kukana jarida. Tsoro ne ya sa ni wannan rubutu. Abubuwa uku nake so ka sani.

Na farko. Duk jirgin saman soja da ya taso daga sansaninsu na Mando, maigidana gani yake shi aka fito nema. Yakan ji muryoyi suna ce masa ya shiga ruwa, wai can ne kawai ba za a hango shi ba. Shekara biyu da suka wuce masunta suka tsamo shi daga kogin Kaduna, ruwa har wuya. Allah Ya sa da rani ne.

Na biyu. Bayan allura ta ɗan kwantar da shi, wata nas ɗinku, Sista Rahila, wadda aka taɓa turawa kos na jinya ta hanyar zantawa, ta riƙa zama da shi duk Talata. Ba ta taɓa ƙaryata shi ba, ba ta kuma gaskata muryoyin ba. Littafi ta sa ya saya, yana rubuta lokacin da kowane jirgi ya wuce da inda shi yake. Ranar da ya tafi Zariya ɗaurin aure ni na rubuta masa: ƙarfe goma suka wuce kamar kullum. Da ya dawo ya daɗe yana kallon shafin, sannan da bakinsa ya ce ashe mutanen nan aikinsu suke yi. Ya koma shago, har ya yi wa 'yarmu gado.

Na uku. An yi wa Sista canjin wurin aiki. Wanda ya gaje ta ba mugu ba ne, amma allura kaɗai aka koya masa. Ya buɗe littafin, ya ga jirage da lokuta, ya ce wannan ma alamar ciwon ce. Ya karɓe ya sa a fayil, aka ƙara magani, cikin minti biyar an sallame mu. Tun ranar maigida ya tabbata an miƙa wa masu nemansa littafin, yanzu sun san duk inda yake zama.

Ranka ya daɗe, yanzu da na ji ƙarar jirgi sai in yar da abin da ke hannuna in tare ƙofa. Shekaranjiya tuwo ya ƙone ina riƙe da rigarsa. Na sayi sabon littafi ina rubutawa, ya ƙi ko kallonsa. Ni ban san irin tambayoyin da Sista ke yi masa ba. Ita ma ba da su aka haife ta ba, koya mata aka yi.

Don haka ina roƙo a fito da littafin nan a damƙa masa a hannunsa. A kuma tura ma'aikatanku su koyi wannan zantawar, kada ran mutum ya rataya ga nas ɗaya. Ban ce a daina allura ba.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya tsare ka da iyalinka daga irin wannan ciwo. Don Allah ka hanzarta. An fara ruwa, kogin yana cika, kuma tsakaninsa da ƙofarmu ko minti goma babu.

Wassalam.

Maman Amina,
Rafin Guza, Kaduna.