Ba Ƙin Maganin Kaska Muke Ba, Muna Masallaci

Zuwa ga Babban Likitan Dabbobi mai kula da yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hajiya Ramatu, mai sayar da koko da ƙosai a unguwar Maamobi, nan Accra. Ina kiwon tumaki a bayan ɗakina tun mahaifiyata tana raye, don ita ta ba ni tunkiyar farko.

Yallaɓai, na ji ka a rediyo kana cewa ana turo mota da maganin kaska, amma mutanen zango, wato unguwanninmu na Hausawa, ba sa fito da dabbobinsu. Wallahi maganar ta yi mini zafi, har na ƙona ƙosai. Shi ya sa na ce bari in gaya maka abin da ba a rubuta maka a rahoto ba.

Na ɗaya. Motarku ranar Juma'a take zuwa, da ƙarfe ɗaya na rana. Haba, Yallaɓai! A wannan lokacin an shimfiɗa tabarmi har kan titi, maza sun tafi masallaci, mu tsofaffin mata muna sahun baya. Direba ya tsaya bakin babban titi, ya yi ham sau biyu, liman yana huɗuba. Kafin a sallame, mota ta juya. Wa zai bar salla ya ja rago? Ita kuwa kaska ba ruwanta da Juma'a, tana can ƙarƙashin wutsiya tana shan jininta.

Na biyu. Sanarwar zuwanku da Turanci ake rubuta ta, a liƙa a jikin falwaya. Wadda aka liƙa a lungunmu, akuyar maƙwabcina ce ta fara karanta ta, ta cinye.

Na uku, kuma nan ne ciwon yake. Da damina ta sauka, wani maƙwabci ya sayo raguna daga arewa, kaska ta biyo su ta shigo mana. Tumakina uku ne. Na yi abin da na tashi na ga ana yi: na ciccire da hannu, na shafa baƙin mai da kananzir. Da abin ya ƙi, na sayi magani a kasuwa cikin gorar ruwa, ba suna ba takarda. Mai sayarwa ya ce murfi ɗaya a bokiti. Wane murfi? Wane bokiti? Oho. Babbar tunkiyar ta daina cin ɓawon rogo, jikinta ya yi zafi, ta riƙa zagaya wuri ɗaya kamar mai neman ƙofa, sannan ta faɗi tana shure-shure. Bayan kwana huɗu 'yarta ta bi ta. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Saura ɗaya, Fara, kuma tana da ciki, ga shi ita ma ta soma ƙin cin abinci. Idan ta tafi, irin da mahaifiyata ta bar mini ya ƙare ke nan.

Amma ba ƙorafi kaɗai na zo da shi ba. Wata ma'aikaciyarku, Allah Ya yi mata albarka, ta tsaya sayen koko, ta ji ina ba da labarin. Ta bi ni har garke da takalminta mai kyau. Ta nuna mini ashe kaskar a tsagar bango da ƙarƙashin katako take ɓuya, in an wanke dabba ba a fesa wa garke ba, an yi aikin banza. Ta auna mini magani da sirinji, ta yi wa Fara allura. Yau Fara tana ci har tana ture ni. Wannan ya nuna mini kuna da ilimin, kuna da mutanen kirki. Rana ce kawai ba mu haɗu a kanta ba.

Don haka ina roƙo:

A mayar da zuwan motar ranar Asabar da safe. A ba limamai da masu unguwa sanarwar, su faɗa da Hausa a lasifika bayan sallar Juma'a, za ka ga ikon Allah. A koya mana awo da abu guda wanda kowa zai gane, a kuma leƙa masu sayar da magani a gora. In da hali, a riƙa wanke ragunan layya tun a inda ake sauke su, kafin su shigo lungu.

Na yi magana da mata masu kiwo a layinmu, duk sun ce za su fito. Malam Idi mahauci ya ce zai ba da filin gaban shagonsa, mu kuma mu kawo ruwa da bokitai.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya dafa maka a kan wannan aiki, Ya sa ka gama da mutunci. Fara ta kusa haihuwa, Yallaɓai. Ka sanya Asabar ɗin, in sha Allahu ni ce ta farko da direbanka zai tarar a bakin titi, da igiyarta a hannuna.

Wassalam.

Hajiya Ramatu mai koko,
Maamobi, Accra.